Ina son in iya koyar da masu ciwon suga: wane horo nake buƙata, daga ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni nas ce a wani babban asibitin gwamnati, an mayar da ni ɓangaren da ake ganin masu ciwon suga. Aikina awon suga da hawan jini da nauyi, sai ɗan jawabi kafin likita ya zo. Amma waɗanda nake yi wa jawabin su ne dai ke dawowa suga ya hau, wasu har da gyambo a ƙafa. Na ji an ce akwai nas da ake horarwa musamman don koyar da masu wannan ciwo. Wane irin horo ne, ina ake samunsa, kuma me zan iya yi kafin in same shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Na ji daɗi da abin ya dame ki, domin da yawa sukan daɗe suna yin jawabin nan na safe ba tare da sun taɓa tambayar kansu ko yana amfani ba.

Mu fara da shi jawabin. Mutane cike da benci, sun fito tun asuba ba su karya ba saboda gwaji, hankalinsu na kan kati da layi, ke kuma kina tsaye kina cewa a rage tuwo, a bar zaƙi, a riƙa motsa jiki. Duk gaskiya kika faɗa. Sai dai babu wanda zai tashi daga bencin nan ya san malmala nawa zai ci yau da daddare, ko abin da zai yi in jikinsa ya kama rawa a tsakiyar kasuwa. Shi kuwa ciwon suga a gida ake jinyarsa. Mai shi zai zo wurinmu sau huɗu ko shida a shekara, mu gan shi na 'yan mintoci, sauran kwanakin duk shi ne zai zaɓi abin da zai ci, shi zai tuna da magani, shi zai duba ƙafarsa. Aikin nas mai koyarwa ke nan: ta sa majinyaci ya iya yin waɗannan abubuwa da hannunsa, a gidansa, da kuɗin da ke aljihunsa.

Wannan aiki ya daɗe. Bayan da aka gano insulin a birnin Toronto a 1921 aka fara yi wa mutane a 1922, Dakta Elliott Joslin na birnin Boston ya ga cewa allurar ba ta da amfani a hannun wanda bai san yadda zai yi da ita ba, sai ya riƙa tura nas-nas gida-gida suna koyarwa. Daga baya manyan bincike biyu suka ƙara wa aikin ƙarfi. Na farko, DCCT, an yi shi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina yin insulin, sakamakonsa ya fito a 1993. Na biyu, UKPDS, an yi shi a Birtaniya a kan masu nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, ya fito a 1998. Dukansu sun nuna cewa riƙe suga kusa da daidai yana rage lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi ƙwarai. A nahiyarmu kuma, ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta 2021 ta ce manya miliyan 24 ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma ana hasashen za su kai miliyan 55 a 2045. Likitocin da muke da su ba za su iya zama da kowane ɗaya su koya masa ba. Mu ne a kusa.

To, yaya ake horon a inda ya kafu? A Amurka akwai takardar shaida da ake kira CDCES, kuma ba a barin nas ta zauna jarrabawarta sai ta nuna ta yi awa 1,000 tana koyar da masu ciwon suga. A Birtaniya akwai tsare-tsaren koyar da majinyata guda biyu, DESMOND na masu nau'i na biyu, da DAFNE na masu nau'i na ɗaya, wanda kwas ne na kwana biyar da aka ɗauko tsarinsa daga birnin Dusaldof na Jamus. A DESMOND da DAFNE duka, bayan an horar da mai koyarwa sai wata ƙwararriya ta zo ta zauna ta kalle ta tana koyarwa, ta gyara mata. Ki lura da abin da suke aunawa: awannin da kika yi gaba da gaba da majinyaci, da yadda kike koyarwa a idon wanda ya fi ki. Wannan kuwa abu ne da za ki iya nema ba sai kin ƙetare teku ba.

Ga yadda zan ba ki shawara ki haɗa naki. Ki rubuta wa shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinku ki nemi a tura ki na 'yan makonni sashen masu ciwon suga na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, ko na Maiduguri. In kin je, kada ki tsaya a teburin awo kaɗai. Ki zauna da likita, ki zauna da masanin abinci, ki shiga ɗakin wankin ciwo, ki bi wanda ke duba ido. IDF tana da makarantar intanet mai kwasa-kwasan ma'aikatan lafiya, har da na masu koyarwa, ki yi rajista. Kwas ɗin nan na ƙaro ilimi da Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta wajabta kafin sabunta lasisi, in kika ga wanda ya shafi ciwon suga ko hawan jini, ki zaɓe shi. Ki nemi reshen Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Najeriya na jiharku ki riƙa zuwa taronsu, domin abin da majinyata ke faɗa wa junansu ba su cika faɗa mana ba. Sannan ki sauke kundin PEN na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka rubuta tun 2010 don ƙananan asibitoci masu ƙarancin kayan aiki. Kada wani ya ce miki wannan ba hurumin nas ba ne. A gundumar Bafut ta Kamaru, nas-nas ne suka riƙe asibitocin masu suga da hawan jini bisa rubutacciyar ƙa'ida, sugan majinyata da jininsu suka sauka. Najeriya ma tana da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya tun 2014.

Abin da za ki koya kuwa, akwai na haddacewa, akwai na hannu, akwai na baki. Na haddacewa shi ne mafi sauƙi. Ana tabbatar da ciwon in sugan safe kafin cin abinci ya kai 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L, ko gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya kai kashi 6.5, ko an auna a kowane lokaci aka samu 200 zuwa sama tare da yawan fitsari da ƙishirwa da rama. Ga yawancin manya, ana son sugan kafin abinci ya tsaya tsakanin 80 da 130, na bayan abinci da awa biyu ƙasa da 180, HbA1c ƙasa da kashi 7. Tsoho mai rauni ko mai ciwon ƙoda akan sassauta masa, don faɗuwar suga ta fi yi masa barazana. Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ya faɗi. Ki riƙe kuma cewa HbA1c ba abin dogaro ba ne ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai, su kuwa muna da su da yawa.

Ma'aunan nan biyu, mg/dL da mmol/L, suna rikita mutane fiye da yadda ake zato. Wani dattijo ya taɓa zuwa mana hankali tashe, ɗakin gwaji ya rubuta masa 8, na'urar da ɗansa ya aiko masa kuma ta nuna 144, yana ganin ɗaya daga cikinsu ƙarya take yi. Abu ɗaya suka faɗa: in ka ninka 8 sau 18, 144 ne. Mai hatsarin shi ne wanda ya saba da ƙananan lambobi, sabuwar na'ura ta nuna masa 60, ya ɗauka suga ya yi mugun hawa ya ƙara magani, alhali faɗuwa ya yi. Don haka duk wanda ya ce yana da na'ura a gida, ki ce ya zo da ita ki gani da idonki.

Magunguna ma ki san halin kowanne. Metformin akan sha shi da abinci saboda yana ɓata ciki a farko, kuma shi kaɗai bai cika kayar da suga ba, amma ana dakatar da shi in ƙoda ta yi rauni sosai ko mutum na amai da gudawa. Glibenclamide yana da araha, shi ya sa ya cika hannun mutanenmu, amma shi ne ke kayar da sugan tsofaffi, musamman in sun sha ba su ci ba. Wanda sugansa ya faɗi saboda wannan magani kada a sallame shi don ya farfaɗo, sugan na iya sake faɗuwa bayan awanni. Ki riƙa tambaya kuma ko mutum na shan dexamethasone ko irinsa, na ciwon gaɓoɓi ko na neman ƙiba, don suna hawar da suga. Kwinin da ake ba mai zazzaɓin cizon sauro shi kuma kayar da shi yake yi.

Na hannu kuwa, a nan ake gane wadda ta horu. Ba a koyon ɗinki da sauraron tela, sai an hau keken. In likita ya rubuta wa mutum insulin, ki ja shi gefe, ki wanke hannu, ki yi sau ɗaya yana kallo, sannan ki miƙa masa kwalbar da sirinjin. Ki kalli yadda zai murza kwalbar mai farin ruwa a tafin hannu a hankali har ta haɗe, ba girgizawa ba. Ki kalli ko idonsa na ganin layukan sirinjin, domin da yawa ba sa gani kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba. In haka ne a koya wa ɗa ko mata, ko a nemi allurar insulin mai kamar alƙalami wanda ake jin ƙararsa in ana juyawa. Ki duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji su zo ɗaya: in aka zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40, mutum ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Mai gauraye, irin 70/30, ana yin sa kamar rabin awa kafin abinci, kuma in an yi dole a ci. Duk zuwan da ya yi, ki sa hannu ki shafa cikinsa da cinyarsa. In kika ji wani tudu mai tauri kamar roba, wurin da yake maimaita allura ne saboda ba ya zafi, insulin kuwa ba ya shiga jini daidai daga nan. Sau da yawa wanda ake ta ƙara wa allura suga ya ƙi sauka, matsalarsa wannan tudun ce. In zai koma sabon wuri a sanar da likita, don adadin da ya saba yana iya yi masa yawa.

Tambayar da za ta biyo baya ita ce ta firji, tunda wuta ba ta tsayawa. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a yarda ta daskare ba. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kamar mako huɗu a waje. Ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun gwada insulin a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka wallafa a 2021 cewa ya riƙe ƙarfinsa har mako huɗu. Mu kuma muna da tamu dabarar: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa kwalbar cikin ƙaramar roba mai murfi, a ajiye a tukunyar ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a inuwa mai iska. Kada a tsoma ta tsirara cikin ruwan randa, kada kuma a bar ta a mota ko a aljihun babur.

Yanzu na baki, wanda a ganina ya fi sauran wuya, kuma shi ne makarantunmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutanenmu masu kara ne. Ki ce "Baba ka gane?" zai ce "Na gane, 'yata, Allah ya yi albarka," ko da bai kama ko ɗaya ba. Ki canza tambayar: "Baba, in ka koma gida Hajiya ta ce me aka faɗa maka a asibiti, me za ka ce mata?" Abin da ya maimaita shi ne abin da kika koyar. Haka kada ki ce "Kana shan magani?" Ki ce "A makon nan da ya wuce, sau nawa magani ya wuce ka?" Tambayar ta riga ta nuna masa cewa mantuwa ba abin kunya ba ce, sai ya faɗi gaskiya, a nan za ki ji cewa kuɗi ne suka yanke, ko yana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. A zama ɗaya ki koyar da abu ɗaya ko biyu, ku rabu a kan aikin da shi ya zaɓa da bakinsa, ki rubuta a kati don ki tambaye shi in ya dawo. Faɗa da tsoratarwa da yanke ƙafa ba sa gyara kowa. Abin da suke jawowa shi ne mutum ya kwana biyu yana yunwa kafin ranar asibiti don lambar ta yi kyau ya tsira daga bakinki.

Abinci shi ne inda za ki fi daɗewa. Kalmar "daina" ta yi wa masu ciwon nan illa: a daina tuwo, a daina shinkafa, a koma wake da alkama safe da yamma, har mutum ya gaji ya watsar da komai. Tuwon alkama ma sitaci ne, acca ma haka, in aka cika kwano da su suga zai hau kamar yadda zai hau da na masara. Yawan shi ne magana. Ki kawo faranti na gaske ɗakin koyarwa ki raba shi a gabansu: rabi ganye, zogale ko rama ko kabeji ko miyar kuɓewa da kuka mai yawa, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ragowar kuma tuwo ko shinkafa, kamar girman dunƙulen hannun mai ci. Inda za ki tsaya tsayin daka shi ne abin sha, don shi ke shiga jini nan take: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu sukari, shayin mai shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, da lemon malt da ake kai wa marar lafiya da sunan ƙarin jini. Zuma ma tana hawar da suga. Fura kuwa a rage dunƙulen, a yawaita nono, a bar sukari.

Sai dai duk wannan bayani, wa kike yi wa? Magidanci ba shi ke girki ba. In matansa biyu ne, yau a ci daidai gobe a koma gidan jiya, sai an kira su duka, ko a ba shi abin da zai kai musu su saurara a waya. Wanda ke ci a tire ɗaya da 'yan'uwa a ƙofar gida ba zai iya auna komai ba sai an zuba masa nasa daban, wannan kuwa sai an lallashe shi, don yana ganin kamar an ware shi. Matar da ba ta fita, kada ki ce mata ta riƙa zagaya filin ƙwallo. Minti 150 a mako ake so, wato rabin awa a kwana biyar, kuma zagayen tsakar gida da sauri bayan cin abinci yana cikin lissafi. Mijinta ma a gayyato shi, tunda kuɗin cefane da na magani a hannunsa suke.

Kin ambaci gyambo, to ki sa wannan doka daga gobe: ba mai ciwon suga da zai fita daga ɗakinki bai cire takalmi ba. Mafi yawan ƙafafun da ake yankewa da ɗan ƙaramin ciwo suka fara, a ƙafar da ta riga ta sage ba ta jin zafi. Akwai siririn zaren roba mai nauyin giram 10 da ake gwadawa da shi: ki fara taɓa masa a hannu ya san yadda yake, ya rufe ido, ki danna a ƙasan babban yatsa da tudun tafin ƙafa ta gefen babban yatsa da na ƙaramin, har zaren ya lanƙwasa. In babu shi, akwai gwajin da aka ƙirƙiro a asibitin Ipswich na Ingila wanda ba ya cin ko kwabo: ki taɓa kan yatsa na ɗaya da na uku da na biyar a kowace ƙafa da ɗan yatsanki, a hankali, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In bai ji biyu daga cikin shidan ba, ƙafar na cikin hatsari. Ki buɗa tsakanin yatsu, ki taɓa bugun jini a bayan ƙafa. Mai lafiyayyar ƙafa sau ɗaya a shekara ya isa, wanda ya taɓa yin gyambo kuwa duk wata ɗaya zuwa uku.

Gargaɗin ki yi shi da abubuwan da ke faruwa a nan. Da hunturu, jin ɗumi da kaskon garwashi yana ƙona ƙafar da ba ta ji, faso kuma ƙofar ƙwayoyin cuta ne, a shafa mai a dunduniya amma ban da tsakanin yatsu. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Kada a ba mai yankan farce na kan hanya ƙafa, kada a yanke kantar ƙafa da reza, kada a kai wa wanzami ya yi tsaga. A zazzage takalmi kafin a sa. Maniyyaci ya tafi da takalmi na biyu a jaka, don ƙasar Makka da Madina da rana tana saɓule tafin ƙafa. Mata masu lalle kuma a duba da kyau, launinsa na ɓoye ja da baƙin da muke nema.

Azumi ma babi ne da dole ki ƙware a kansa, don ko mun hana za a yi. Binciken EPIDIAR da aka wallafa a 2004 daga ƙasashe 13 ya samu kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninku sau da yawa a watan. Ƙa'idar da IDF da DAR, ƙungiyar da ke nazarin ciwon suga da azumin Ramadan, suka fitar a 2016 suka sabunta a 2021 ta ce a zauna da majinyaci mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, wato tun cikin Rajab, likita ya auna hatsarinsa ya gyara lokutan magani. Naki shi ne ki tabbatar ya san cewa gwajin suga da ɗigon jini ba ya karya azumi, ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, kada ya huce yunwar yini a kan kunu mai sukari da soye-soye. Ya kuma san lambobin ajiye azumi: ƙasa da 70, ko sama da 300, ko rawar jiki da gumi da jiri, ko da saura minti goma a sha ruwa. Wanda likita ya ce kada ya yi, ki tuna masa rangwamen da Allah ya yi wa marar lafiya a Suratul Baƙara, in da hali ki gayyato limamin asibiti ya faɗa da bakinsa, za a fi ji.

Faɗuwar suga ki koya wa iyalin gaba ɗaya. In mutum na cikin hayyacinsa, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a ƙara, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a yi asibiti da shi. Mai faɗuwar suga yakan yi surutai ko fizge-fizge har a zaci iska ce. Ki ce musu addu'a a yi ta a hanya. Mai allura kuma in zazzaɓi ya kama shi kada ya daina insulin don ba ya cin abinci. Amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da magagi, wannan na gaggawa ne a daren nan.

Maganin gargajiya kada ki yi masa dariya, in ba haka ba za a ɓoye miki. Ki tambaya kai tsaye me ake haɗawa da shi, shuwaka ce, garafuni ne, ko na masu mota da lasifika. Ki ce a kawo ki gani, ki roƙa kada a ajiye na asibiti, ki bayyana cewa ɗaci ba ya wanke suga daga jini, kuma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana iya gamawa da ƙodar da dama ciwon ke ci. Akwai kuma abin da ba a faɗa a bainar jama'a: raunin mazakuta ga maza, ƙaiƙayin gaba da ke yawan dawowa ga mata, da gajiyar zuciya ta wanda ya ƙosa da ciwon da ba ya ƙarewa. Waɗannan sai an rufe ƙofa, kuma sai ke kin fara buɗe zancen cikin ladabi.

Ki san iyakarki. Sauya adadin magani na likita ne, sai in asibitinku ya ba ki rubutacciyar ƙa'ida da sa hannu. Amma tunatar da shi cewa wannan bai je duba ido ba shekara guda, wancan ba a auna masa ƙoda ba, wannan jininsa ya wuce 130 bisa 80, wancan tarinsa ya wuce mako biyu a duba tarin fuka, duk naki ne.

Kafin kowane kwas ya samu, ki sayi babban littafi ki ja layuka: suna, lambar waya, magani, sugan yau, hawan jini, ranar duba ƙafa, ranar duba ido, abin da aka koyar, da abin da ya ɗauki alkawari. Wanda bai zo ba a kira shi. Ki raba taron benci zuwa rukunin mutum takwas ko goma, masu allura daban, sababbi daban, ki samu tsohon majinyaci da ya riƙe kansa da kyau ya zauna tare da ku. Bayan wata shida ki ɗauki littafin ki kai wa shugabarku, ki nemi ɗaki mai ƙofa, da awa ɗaya da aka ware don koyarwa, da zaren gwajin ƙafa, da nas ta biyu da za ki horar. Ki roƙa musamman a cire sunanki daga jerin waɗanda ake juyawa daga sashe zuwa sashe, aƙalla na shekara biyu, don awannin da za ki tara a wannan ɗaki su ne duk wani kwas na gaba zai tambaye ki.